Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Ghana: a yi wa Sulley Muntari sallama a Kumasi

Zuwa ga Shugaban Hukuma, Kurt Okraku, da 'yan majalisarsa ta zartarwa.

Ranku ya daɗe, ina gaisuwa da fatan alheri.

Ni makanike ne a Suame Magazine, nan Kumasi. Da la'asar in na wanke baƙin mai daga hannuna, sai in hau trotro zuwa Aboabo, in tara yara a wani fili da babu ko tsinken ciyawa, irin wanda muke kira sakora, in koya musu ƙwallo har a kira magariba. Babu mai biyana, ban kuma taɓa tambaya ba. Da gangan na rubuto muku da Hausa. Ita Zango ke ji, kuma na san ba za a rasa mai karanta muku a ofishinku na Accra ba. In an rasa, ku aika Nima ko Mamobi, yaro ma zai fassara.

Buƙatata ɗaya ce. Ku shirya wa Sulley Ali Muntari wasan bankwana da rigar ƙasa, a filin Baba Yara, tun yana da rai da ƙafafunsa.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai wani yaro a wurina, bahago, ƙafarsa ta hagu kamar an ɗaura mata guduma, zuciyarsa kuma kusa take. Kwanakin baya ya zagi wani dattijo da ke taya mu busa usur, na ce kada ya sake tako mini fili. Bayan mako biyu ya dawo da kawunsa, ya durƙusa ya ba dattijon haƙuri. Ina ta jan rai, sai yaron ya ɗago kai ya ce, “Koci, Sule ma ai ya ba da haƙuri. Sun mayar da shi?” Ko makarantar allo ba a kai yaron nan ba lokacin da aka dakatar da Muntari, wato Sule, a gasar kofin duniya ta 2014 a Brazil, amma labarin ya iso shi, kuma a haka ya iso shi: ɗan Zango in ya yi laifi sau ɗaya, an rufe ƙofa ke nan. Na rasa amsar da zan ba shi. Na dai ce ya je ya sa takalmi.

Na san kuna da takardu, amma bari in tuna muku mutumin da nake magana a kai, yadda mu muka gan shi.

A Konongo aka haife shi a 1984, garin haƙar zinariya da ke kan hanyar Accra. Sunansa kaɗai ya isa ya gaya muku gidan da ya fito, don Muntari shi ne yadda bakinmu ke faɗin Mukhtar. Liberty Professionals ta Dansoman ce ta rene shi. Bai cika shekara 17 ba aka tafi da shi Ajantina gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 2001, inda Ghana ta kai wasan ƙarshe, masu gida suka doke mu da ci 3 da nema. Daga nan sai Udinese ta Italiya. Ya fara buga wa babbar tawaga a 2002, kuma kafin ƙofa ta rufe ya yi wasa 84 ya ci ƙwallo 20. Ɗan tsakiya ne fa, wanda aikinsa ƙwace ƙwallo da shan duka.

Ba a yawan ƙwallayen maganar take ba, a ranakun da ya ci su take. Ranar 17 ga Yuni 2006 a birnin Cologne na Jamus, Italiya ta riga ta doke mu a wasan farko, muka haɗu da Jamhuriyar Cek wadda a lokacin ita ce ta biyu a jerin FIFA. Asamoah Gyan ya ci tun minti na 2, daga baya ya buga fenareti ya daki turke, hankalin kowa ya tashi. Saura minti takwas Stephen Appiah ya miƙa wa Muntari, shi kuma ya zabga ta saman ragar Petr Čech. Nasararmu ta farko ke nan a kofin duniya. A daren nan na ga tsohuwa mai sayar da koko da ƙosai ta bar tukunya a kan wuta ta bi yara da gudu a titi.

Sai 2008, shekarar da ba na jin wani ɗan wasan Ghana ya taɓa irinta a wata biyar. Ranar 20 ga Janairu, wasan buɗe gasar Afirka a Accra, mu ne masu masaukin baƙi, Gini ta rama ƙwallon Gyan, agogo ya kai minti 90, mutane sun fara tsaki suna neman hanyar fita. Muntari ya karɓi ƙwallo daga nesa, wurin da duk mai hankali zai nemi wanda zai ba, ya ɗaga kai ya sake ta. Har yau in na rufe ido ina ganin yadda ta shige kusurwar sama. A zagayen kwata fainal shi ya kwanto wa Junior Agogo ƙwallon da muka fitar da Najeriya da ita, muna mutum goma a fili. Kamaru ta tare mu a wasan kusa da na ƙarshe, aka kawo wasan neman na uku nan Kumasi. Ina cikin filin ranar, a ɓangaren da rana ke duka. Minti goma da farawa ya buga bugun tazara da golan Kwaddibuwa bai gan ta ba sai da ta dawo daga raga. Muka ci 4 da 2.

Wata guda bayan haka, ranar 8 ga Maris, yana Old Trafford da rigar Portsmouth a kofin FA na Ingila. An kori golan Manchester United, Rio Ferdinand ya sa safar hannu ya tsaya a raga, aka ajiye fenareti. Duk filin na ihu a kan Muntari, ya buga ta ƙasa ta shige. Portsmouth ta wuce, ta je Wembley a watan Mayu, Nwankwo Kanu ya ci Cardiff, suka ɗauki kofin da rabonsu da shi tun 1939. Masu goyon bayan United a majalisarmu ta ataya sun yi kwana uku ba sa amsa sallama da kyau.

Koci José Mourinho ya kai Muntari Inter Milan a wannan shekarar. Kofin Italiya na Serie A sau biyu a jere, sannan a 2010 suka haɗa uku rigis, har da Gasar Zakarun Turai. Ranar 22 ga Mayu a Madrid, da Bayern Munich, Muntari ya shigo daga benci a ƙarshe-ƙarshen wasa ya taya riƙe ci 2 da nema. 'Yan Ghana da suka taɓa wannan kofi kafin shi ana ƙirga su da yatsun hannu ɗaya: Abedi Pele, Ibrahim Tanko, Sammy Kuffour.

Akwai wani abu na zamansa a Inter da ku wataƙila ba ku riƙe ba, mu kuwa mun riƙe. A watan Agusta 2009, farkon azumi, a wasa da Bari, Mourinho ya cire shi bayan kusan rabin awa, ya kuma fito ya danganta raunin wasansa da Ramadan. Aka yi ta cacar baki a jaridun Italiya. Mu a nan abin da muka ɗauka daban ne. Yaron da muka sani yana can cikin kuɗi da daula, kuma bakinsa a rufe yake daga asuba zuwa magariba kamar namu. Iyaye da yawa a Zango da ke ganin ƙwallo hanyar lalacewa ce, a wannan azumin suka fara sassauta wa 'ya'yansu. Na san haka domin a hannuna yaran suka ƙaru.

Ba sai na tuna muku daren 2 ga Yuli 2010 a Johannesburg ba, wasanmu na kwata fainal na kofin duniya da Uruguay. Kowa na tuna hannun da Suárez na Uruguay ya sa ya tare ƙwallo a bakin raga, da fenaretinmu da ta daki sandar sama. Kaɗan ne ke tuna cewa abin da ya kai mu ga wannan minti shi ne ƙwallon da Muntari ya harba daga nesa ana shirin tafiya hutun rabin lokaci, kuma a benci ya yi yawancin gasar, dakatarwar André Ayew ce ta buɗe masa hanya a ranar. A AC Milan kuma, cikin Fabrairu 2012, ya sa kai ƙwallo ta ƙetare layi ƙarara, Buffon na Juventus ya jawo ta waje, mai tuta ya ce bai gani ba. Aka tashi 1 da 1, Juventus ta ɗauki kofin shekarar. Har yanzu in ana gardamar na'urar duba layin raga sai an ambaci wannan ƙwallo.

To, yabon gwani ya zama dole, amma ban zo in yi muku ƙarya ba. Sule yana da zafin kai. An koro shi daga sansanin Olamfik na 2004 saboda rashin ɗa'a. Milovan Rajevac ya bar shi a gida lokacin gasar Afirka ta 2010 a Angola, sun kuma sake samun saɓani a Afirka ta Kudu. Katin da ya tara a rayuwarsa zai cika aljihun babbar riga. Mu da muke son sa mun fi kowa jin haushinsa, don sau da yawa shi da kansa yake miƙa wa maƙiyansa sandar dukansa.

Sai Brazil, 2014. Ranar 21 ga Yuni a Fortaleza, da Jamus wadda daga baya ta ɗauki kofin, Muntari ya ƙwace ƙwallon da Philipp Lahm ya bayar, ya tsaga bayansu ya ba Gyan, muka shiga gaba da 2 da 1 kafin Klose ya rama. Babu wanda ya san cewa wasansa na ƙarshe ke nan da rigar ƙasa. Kwana biyar bayan haka, da safiyar ranar da za mu kara da Fotugal, hukumarku ta fitar da sanarwa cewa ta dakatar da shi har sai abin da hali ya yi, bisa zargin ya kai wa wani jami'i hannu, tare da Kevin-Prince Boateng da aka ce ya zagi koci Kwesi Appiah. Ko ba sanarwar ma, ba zai buga wasan ba, don ya riga ya tara katin gargaɗi biyu.

Ɗaga wa babba hannu laifi ne. A gidajenmu ko harara ba a yarda yaro ya yi wa na gaba da shi ba, kuma da ɗana ne da ni zan fara hukunta shi. Amma ranku ya daɗe, laifi tudu ne. A wane irin gida abin ya faru? Gidan da aka kai 'yan wasa wata nahiya ba a biya su kuɗin da aka yi alkawari ba, har suka ƙi fita atisaye, har sai da gwamnati ta loda kusan dala miliyan 3 a jirgi zuwa Brasília, gidajen talabijin na duniya na bin motocin kuɗin kamar ana rakiyar amarya. Ba Muntari ne ya tsara wannan ba. Abin kunyar ya kai sai da Shugaba John Mahama ya kafa kwamitin bincike na Mai Shari'a Dzamefe. Mu ma nan Kumasi mun yi fushi, mun yi wa tawagar ihu da ta dawo. Sai dai da ƙura ta lafa, yawancin waɗanda suka je Brazil sun koma bakin aikinsu, wanda ya tafi da tabon a goshi shi ne mai lamba 11, wato Muntari.

Kuma a wannan Brazil ɗin, kafin rigimar, an ga hotonsa yana zagaya wata unguwar talakawa a Maceió, inda tawagar ta sauka, yana raba wa mutane kuɗi daga hannunsa. Duk wanda ya tashi a Zango ya gane wannan hali. Zuciyar da ke saurin tafasa sau da yawa ita ce mai saurin bayarwa.

A watan Yuni 2016 ya rubuta takarda, ya ba ku haƙuri, ya ba 'yan ƙasa haƙuri, ya ce a shirye yake in an kira shi. Ku da kuka san shi kun san abin da wannan ya ci masa. Ba a sake ganinsa da rigar ba. Ban ce dole sai an kira shi ba, zaɓen 'yan wasa aikin koci ne, shekaru kuma sun fara ja. Abin da nake cewa shi ne, da sanarwa a gaban duniya aka fitar da shi, to a gaban jama'a ya kamata a rufe maganar. A al'adarmu in yaro ya durƙusa, babba yakan miƙa hannu ya ɗaga shi kowa na gani, don waɗanda suka ga faɗan su ga sulhun.

Za ku ce ba ku ne a kan kujera ba a 2014. Gaskiya ne, a 2019 aka zaɓe ku. Amma wanda ya gaji gida ya gaji bashin gidan. Kuma ku tuna yadda kuka samu kujerar. A 2018, bayan binciken ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas ya tona badaƙalar cin hanci a harkar ƙwallo, hukumar nan kanta tsayawa ta yi cak, sai da FIFA ta kafa kwamitin riƙo. 'Yan Ghana ba su ce an rufe ƙofa har abada ba. Sun bari an share gida an sake farawa, sun dawo suna sayen tikiti. Hukumar da aka yi wa irin wannan afuwa bai kamata afuwa ta yi mata tsada ba.

Bayan Milan ya yi yawo, Al-Ittihad ta Jidda, Pescara, Deportivo La Coruña, Albacete. Ba wani abin kirki a ƙwallon waɗannan shekaru, sai rana ɗaya. Ranar 30 ga Afrilu 2017, Pescara ta je Cagliari, wasu 'yan kallo suka yi ta yi masa ihun wariyar launin fata. Ya je wurin alƙalin wasa ya ce a tsayar da wasa, alƙali ya ciro masa katin gargaɗi. Sai ya nuna fatar hannunsa, ya juya ya fice daga fili shi kaɗai. Aka ƙara masa kati, aka dakatar da shi wasa ɗaya. Ƙungiyar 'yan wasa ta duniya ta tashi, shugaban hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya yaba masa, cikin mako guda aka soke hukuncin. Shi da kansa ya ba da labarin cewa akwai yaro ƙarami cikin masu ihun, ya je ya ba shi rigarsa. Ku duba da kyau: taurin kan da ya ja masa kora a Brazil, shi ne ya tsaya wa kowane baƙar fata a ranar. Ba za mu karɓi ɗaya mu ce ba mu san ɗayan ba.

Ya dawo gida a 2022 ya sa hannu a Hearts of Oak ta Accra, wadda ake wa laƙabi da Phobia. Ni ɗan Asante Kotoko ta Kumasi ne, babbar abokiyar hamayyarsu, tun ina goye, kuma ba zan ɓoye ba, ganinsa da rigar Phobia ya tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi, balle da suka doke mu a kofin Shugaban Ƙasa. Amma na ga abin da zuwansa ya yi. Mutanen da suka daina zuwa kallon gasarmu ta gida suka dawo don su ga mutumin da ya ɗaga kofin Turai yana gudu a filayenmu masu ramuka. A shekarar Hearts ta ɗauki kofin FA a nan Baba Yara. Kafin shekarar ta ƙare ya ce ya ajiye ƙwallo. A bakin 'yan jarida muka ji. Babu ganga, babu taro.

Abin da ke sa ni gaggawa shi ne sunan da ke jikin filin nan namu. Baba Yara ɗan Kumasi ne, wanda ake kira sarkin 'yan gefe na Afirka ta Yamma. Haɗarin mota ya kwantar da shi a 1963, ya rasu a 1969, sai bayan shekara fiye da 30 aka sa wa filin sunansa. Bai gani ba. Ku dubi kuma waɗanda suka ci ƙwallo tare da Muntari a wannan ciyawa. Agogo, da ya ci ta uku a ragar Kwaddibuwa a 2008, ya rasu a 2019 yana da shekara 40. A watan Oktoba 2013, cikin kwanakin Babbar Sallah, da muka yi wa Masar 6 da 1, Muntari ya ci ta biyar da fenareti, Christian Atsu ya rufe da ta shida. Girgizar ƙasar Turkiyya ta tafi da Atsu a 2023. Mun iya makoki a ƙasar nan, mun iya kafa rumfa da jawabi a kan gawa. Mai rai ne ba mu iya yi wa godiya ba.

Ba sabon abu nake nema ba. An yi wa Stephen Appiah irinsa a Accra a 2015, kuma ya cancanta. Ku zaɓi rana a lokacin hutun gasar Turai. Ku yi magana da masu kula da filin su gyara ciyawa tun da wuri, kada a maimaita kunyar 2024 da CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, ta ce filin bai dace ba. Ku kai gaisuwa fadar Manhyia wurin Otumfuo, Sarkin Asante, ku sanar da Sarkin Zangon Kumasi da limamai, su za su cika muku fili ba tare da kun kashe ko sidi ɗaya a talla ba. Ku kira Appiah da Essien da Gyan da John Mensah, ku kira Mohammed Kudus ɗan Nima da sauran na yanzu su tsaya a ɗaya ɓangaren. Jami'in da aka samu saɓanin da shi, in ya yarda, ku zaunar da shi a gaba, shi ya miƙa rigar. Kuɗin ƙofa kuma a raba wa ƙungiyoyin yara na unguwanni, su sayi ƙwallo da takalma, don ni yanzu da ƙwallo uku nake horar da yara fiye da talatin, ɗaya ma ɗinki ne ya riƙe ta.

In shi Sule ya ce ba ya so, wannan tsakaninku da shi ne, kun dai fita haƙƙinsa. Amma ku tambaye shi, kuma ku bari mu ji cewa kun tambaya.

Yaron nan bahago na mayar da shi fili. Ranar Asabar da ta wuce ya ci biyu, ya kuma karɓi katin gargaɗi saboda baki. Na yi masa alkawari in kun sa ranar, ni zan biya masa kuɗin shiga, mu zauna a ɓangaren da rana ke duka.

Na gode da sauraro. Allah ya yi muku jagora.

Naku,
Mai koyar da yara ƙwallo,
Aboabo, Kumasi.